Giwa a Bakin Gona: Sharhi a Kan Ƙuntatar Daji da Halin Namun Dawa



Sharhinmu na yau ya shafi waɗansu maƙwabta ne waɗanda Allah Maɗaukakin Sarki ya zaunar da su a ƙasar nan tun kafin a gina ganuwar kowane birni, waɗanda kuma ba su da harshen da za su kai ƙara gaban alƙali in an zalunce su, watau namun dawa masu tafiya bisa ƙafa huɗu, tun daga giwa da zaki da raƙumin dawa har zuwa gada da barewa. Abin da nake so mu yi nazari a kansa shi ne yadda ƙuntatar daji, wadda hannunmu ne ya jawo ta, take fara canja ɗabi'ar dabba tukuna, sa'an nan daga bisani ta rage adadinta. Domin a ganina wanda ya fahimci wannan jeri, ya san cewa canjin hali shi ne gargaɗin farko, to, shi ne zai iya yin wani abu tun lokaci bai ƙure ba.

Duk shekara, idan kaka ta gabato, dawa ta sunkuyar da kai, masara ta nuna, akan ji kuka daga ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Yankari, a ƙasashen Duguri da Pali da Gwana cikin ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi, cewa giwaye sun fito cikin dare sun shiga gonaki. Kada wani wanda ke zaune a birni, yana sayen hatsinsa a kasuwa, ya raina wannan kuka. Magidancin da ya yi sassabe, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, ya ci bashin taki, yana lissafin abin da zai zuba a rumbu da abin da zai sayar domin auren 'yarsa, idan ya wayi gari ya tarar garke ɗaya ya tattake wahalarsa ta wata biyar a dare guda, haƙiƙa musiba ce ta same shi, kuma yana da hakkin a saurare shi. Abin da mutane kan ce a irin wannan hali shi ne giwa ta lalace, ta rabu da tsoro, ta zama ɓarauniya. To, amma Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ya kamata mu tambayi kanmu, mene ne ya koro dabbar da ta san mutum, ta san bindigarsa, ta kuma san wutarsa, har ta yarda ta shigo masa gona da 'ya'yanta a gefenta?

Amsar tana cikin tarihin ƙasar kanta. A zamanin da, garuruwa ne tsibirai a cikin daji, matafiyi kan fita daga ƙofar gari ya wuce gonaki da saura, sa'an nan ya shiga dokar daji wadda sai ya yi yini ko kwana kafin ya sake jin carar zakara. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya ba da labarin cewa a shekarar 1851 ya ga garke guda na giwaye 96 suna gangarowa zuwa ruwa a gefen Tafkin Chadi. Raƙumin dawa kuwa irin na Afirka ta Yamma, wanda a yau babu shi a ko'ina a duniya sai a Jamhuriyar Nijar, lokacin da masana suka fara siffanta shi a littattafansu a shekarar 1898, da wanda aka samo daga wajajen Lokoja suka siffanta shi, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Kuma a wancan zamani yana yawo tun daga Sanagal har zuwa Tafkin Chadi. Ba don banza ba ne masarautu suke da Sarkin Baka da Sarkin Dawa, ba kuma don banza ba ne ake yi wa sarakuna kirari da zaki da toron giwa, domin mutanen da suka ƙaga wannan kirari sun ji rurin zaki da kunnuwansu.

Yau al'amarin ya juye. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a shekarar 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 2006 ta ba da miliyan 140, yanzu kuwa an haura miliyan 200. Nijar, wadda ta sami mulkin kai a 1960 da mutanen da ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba, ta haura miliyan 25. Kowane ɗayan waɗannan bayin Allah yana bukatar abinci, da itacen girki, da wurin da zai kafa bukka, kuma babu laifi ko kaɗan a cikin wannan bukata. Sai dai sakamakonta a fili yake: an daina barin gona ta huta, saura ta ɓace, an nome fadama da damina da rani, an sare itace an ƙona gawayi an loda a manyan motoci zuwa birane, an shimfiɗa kwalta, an datse koguna, har ya zama yanzu daji ne tsibiri a tsakiyar gonaki.

A nan ne ya wajaba mu fahimci abin da daji yake a wurin babbar dabba, gama da yawa daga cikinmu muna zaton in an keɓe wani yanki mai itatuwa, aka kafa masa allo, aka sa masu gadi, shi ke nan an gama. Giwa babba takan ci ganye da ciyawa da ɓawon itace kimanin kilo 150 a rana, takan sha ruwa fiye da lita 100, kuma babu wani wuri guda da zai iya ɗaukar wannan nauyi daga farkon shekara zuwa ƙarshenta ba tare da ya ƙare ba. Saboda haka Mahalicci ya hore mata tafiya: da rani ta tattaru a bakin kogi inda ruwa ba ya ƙafewa, da damina, idan kududdufai suka cika, ta watsu zuwa nesa, ta bar bakin kogin ya farfaɗo kafin ta komo. Abin da dabba take rayuwa da shi, ashe, shi ne mashaya ta rani, da makiyaya ta damina, da wurin lasar kanwa ko gishiri, da mafakar haihuwa, da kuma, fiye da kome, hanyoyin da suka haɗa waɗannan wurare. In aka bar mata wuraren duka amma aka toshe hanyoyin, an raba ta da su ke nan.

Sanin waɗannan hanyoyi kuwa ba a cikin jini kaɗai yake ba, koyonsa ake yi. Garken giwaye tsohuwar uwa ce ke jagorantarsa, ita ce ta riƙe a kanta inda aka sami ruwa a shekarar fari tun tana ƙarama. Masu bincike a gandun Tarangire na ƙasar Tanzaniya sun lura cewa a lokacin matsanancin farin 1993, garkunan da suka fice daga gandun suka nemi abinci a waje sun fi tsira da 'ya'yansu, kuma su ne waɗanda ke da tsofaffin iyaye mata da suka rayu tun zamanin wani babban fari da aka yi wajen shekarar 1960. Garken da jagorarsa ba ta kai waɗannan shekaru ba ya tsaya a inda yake, ya yi hasarar 'ya'ya masu yawa. Ku duba wannan al'amari da kyau. Ilimin tsohuwar ya amfane su ne domin a lokacin akwai sauran hanyar fita. Da ta kai su bakin iyaka ta tarar da gonaki da gidaje, da iliminta bai tsinana musu kome ba, da kuma sunan da za a kira ta da shi shi ne ɓarauniya.

Mu komo Yankari. An keɓe wannan daji a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar da shi hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma wanda ya taɓa zuwa can da rani ya san yadda ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza suke gangarowa fadamar kogin. Waɗanda suka keɓe shi sun yi hangen nesa, Allah ya saka musu da alheri, domin ba don su ba da yau babu abin da za mu yi magana a kansa. Amma a lokacin da suka ja iyakarsa, daji ne a ciki, daji ne a waje, dabba ba ta san inda layin ya bi ba. Yanzu kuwa gona ta zo ta tsaya daidai kan layin. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye kusan 350, a yau kuwa ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba, mafi yawan wannan raguwa harsashin masu neman haure ne ya jawo ta. Sai dai mu sani cewa ƙuntata ita ce ke sauƙaƙa wa maharbi aikinsa, gama dabbar da ba ta da mashaya sai guda ɗaya, ba ta da mafita, ba ta da wuyar samu. A ƙasar Nijeriya baki ɗaya, bisa ga tsarin kare giwaye da gwamnati ta ƙaddamar a 2024, abin da ya rage bai wuce 300 zuwa 400 ba.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai yake faruwa ba, kuma masana sun auna shi da mizanin da ba ya son kai. A shekarar 2018 aka buga sakamakon wani babban bincike inda aka ɗaura wa dabbobi 803, daga nau'o'i 57, na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam. Aka tarar cewa a wuraren da sawun mutum ya yi yawa, nisan tafiyar dabba yakan ragu zuwa rabi, ko ma sulusi, na abin da 'yar'uwarta ke yi a inda babu mutane. A cikin shekarar 2018 ɗin kuma wani bincike, wanda ya tattara bayanai a kan nau'o'i 62 daga nahiyoyi 6, ya nuna cewa dabbobi suna ƙaura daga rana zuwa dare domin gudun haɗuwa da mu, ta yadda wadda a da take raba harkokinta daidai tsakanin dare da rana, yanzu kusan kashi 68 cikin 100 na motsinta cikin duhu take yinsa. Abin mamaki ma, ba sai an farauce ta ba. Wucewar mutane kawai, da ƙarar injin, da hasken fitila sun isa.

Manomanmu ba su bukatar na'ura kafin su gaskata wannan. Sun san giwa ba ta shigowa gona da hantsi, sai tsakar dare, ta ci ta koma kafin asuba. Masunta da manoman shinkafa na bakin Kwara, daga Ayoru a Nijar har zuwa Yawuri, sun san dorina, wadda ɗabi'arta ce ta yini a ruwa ta fito kiwo da dare a gaɓar kogi. Da aka mai da gaɓar ta zama gonar shinkafa da lambu, sai makiyayarta ta zama gonar wani, kuma daga nan ne ake samun kifar da jirage da hasarar rayuka. A sansanin Wikki kuma, cikin Yankari, akwai wani canjin na daban, inda gwaggon biri ya saba da mutane har yana fizge abinci daga hannun baƙo, gadu kuma yana kiwo a tsakanin ɗakuna. Wata dabbar tsoro ne ya ƙaru mata, wata kuwa tsoron ne ya fita, amma dukansu biyu sun bar ɗabi'ar da aka halicce su a kanta.

Wani zai ce, to, mene ne aibu in dabba ta koyi dabara, ta canja lokacin fitarta? Aibun shi ne kowace dabara tana da farashi. Dabbar da idonta na rana ne, in ta koma dare, ba ta cin abin da ya ishe ta, tana kuma faɗawa bakin maƙiyan da a da ba ta haɗuwa da su. Wadda ta rage tafiya takan cinye wuri guda har ya zama fako, sa'an nan yunwa ta kama ta a wurin da a ido daji ne. Uwar da ke cikin fargaba kullum ba ta samun ƙoshin da za ta ɗauki ciki a kan kari ko ta shayar yadda ya kamata. Giwa kuwa cikinta wata 22 ne, ba ta haihuwa sai bayan shekara 4 ko 5, ɗa guda kowane karo, saboda haka garken da ya yi hasarar uwaye 10 a shekara ɗaya, sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya mai da gurbinsu. Ta haka ne adadi ke zaizayewa a hankali, ba tare da an ga gawa a bakin hanya ba, har ranar da za a ce rabon da a ga kaza tun zamanin wane.

Akwai kuma wata illa wadda ta fi ɓoyuwa. Garken da aka yanke daga sauran danginsa, babu baƙon namiji mai shigowa, babu matashi mai fita, dole ya riƙa haihuwa a tsakanin makusanta, tsara bayan tsara, har raunin da ke ɓoye a jini ya bayyana. An ga haka a jihar Fulorida ta Amurka, inda wata irin babbar kyanwar daji mai kama da damisa ta ragu zuwa 20 ko 30 saboda birane da tituna sun kewaye ta, aka fara haifar 'ya'ya masu ciwon zuciya da karyayyar wutsiya, sai da aka kawo mata 8 daga jihar Tekzas a 1995 kafin irin ya farfaɗo. Wannan shi ne abin da nake jiye wa zakunanmu. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna cewa a duk Afirka ta Yamma zakunan da suka rage kimanin 400 ne, a cikin kashi 1 bisa 100 na ƙasar da suke yawo a da. Mafi yawansu suna dazuzzukan da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, a Nijeriya kuwa sai 'yan ƙalilan a Kainji da Yankari, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai ɗaruruwan kilomita na gonaki da garuruwa waɗanda babu zakin da zai ratsa su da rai.

Ba kowace dabba ce ke shan kashi ba, kuma wannan ma abin lura ne. Manya da masu cin nama su ke fara tafiya, a bar biri da ɓera da gafiya da sauran masu iya zama a gefen mutum, waɗanda sukan yawaita idan damisa da sauran masu rage su suka ƙare. Ga shi kuwa su ne suka fi yi wa manomi ɓarna a kowace shekara. Itatuwa ma suna jin rashin, domin giwa ce ke haɗiye 'ya'yan giginya da aduwa ta kai ƙwallonsu nesa ta ajiye cikin taki.

Yanzu bari mu ƙetara zuwa Nijar, domin a can akwai wani labari wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, a yankin Kure da kwarin Dallol Boso, nan ne raƙuman dawan da muka ambata suka sami mafaka ta ƙarshe, bayan farauta da sassabe da farin shekarun 1970 da 1980 sun share su daga Sanagal da Mali da Nijeriya da sauran ƙasashe. A shekarar 1996 an ƙidaya su, aka sami 49 kacal a duk faɗin duniya. Wurin da suke kuwa ba gandu ba ne mai shinge. Ƙasar noma ce ta Zabarmawa, da makiyayar Fulani, kuma babbar hanyar mota daga Yamai zuwa Doso ta ratsa ta. Da damina sukan hau tudu su ci ganyen geza da taramniya da ƙayoyi, da rani kuma su gangara kwari inda gawo yake, wannan itace mai albarka wanda Allah ya saɓa masa da sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, yana kuma tohowa da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Ashe gawon da manomi ya bari a gonarsa domin amfanin kansa, shi ne ya riƙe ran wannan dabba a shekarun da ta kusa ƙarewa.

Da gwamnati ta tsananta hana kashe su, ƙungiyoyi kuma suka shigo da taimakon rijiyoyi da ƙananan rance ga ƙauyuka, samarin yankin suka sami sana'ar yi wa baƙi jagora, sai adadin ya fara hawa, har ya haura 600. Wannan babbar nasara ce, kuma hujja ce a kan mai cewa mutum da naman dawa ba za su taɓa zama wuri ɗaya ba. Amma kada farin ciki ya rufe mana ido. A daidai lokacin da dabbobin ke ƙaruwa, dajin tudun da suke dogaro da shi yana raguwa, domin ana sare shi a kai itace Yamai, ana kuma mai da shi gona. Saboda haka raƙumin dawa, wanda aka halicce shi da dogon wuya domin ya ci daga saman itace, ya koyi buɗe ƙafafu ya sunkuya ya ci waken manomi, ya koyi shiga lambu da dare ya tsinke mangwaro, waɗansu kuma mota ta buge su a kan kwalta. Haƙurin da mutanen wannan yanki suka yi da su abin yabo ne ƙwarai, amma haƙuri ba ya tsiro da itace.

Ganin haɗarin tara irin gaba ɗaya a wuri guda, inda annoba ɗaya ko fitina ɗaya za ta iya gamawa da shi, ya sa a ƙarshen 2018 aka ɗauki 8 daga cikinsu a mota, aka yi tafiyar kilomita wajen 800 da su zuwa gandun Gadabeji da ke ƙasar Dakwaro a jihar Maraɗi, inda rabon da a ga irinsu kusan shekara 50, aka kuma ƙara 4 a 2022. Aiki ne mai kyau, mai tsada, mai wahala. Sai dai duk lokacin da na tuna da shi nakan ji wani abu a raina, domin tafiyar da kakannin waɗannan dabbobi suke yi da ƙafafunsu, yau sai an yi musu allurar barci, an ɗaure su da igiya, an loda su a mota kafin su yi ta.

Jama'a, wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga addininmu, ba kuma Turawa ne suka fara kawo mana ita ba. Malamai sun karantar da mu cewa dabbobi al'ummu ne kamar yadda muke al'umma, kuma halifancin da aka ba ɗan Adam a bayan ƙasa amana ce wadda za a tambaye shi a kanta. An haramta farauta da sare itace a haramin Makka da na Madina, an hana mai harama da aikin hajji ya kashe naman dawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u domin kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin sadaka, kuma daga nan ne fuƙaha'u suka fitar da ƙa'idar cewa shugaba yana da ikon hana wani yanki ga ɗaiɗaikun mutane saboda maslahar jama'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya wallafa littafi musamman a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita da hanyoyin mallakarta. Kowa kuma ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ni ba mai fatawa ba ne, amma ina roƙon malamanmu su dubi wannan hadisi, su dubi garken da muka kewaye ta kowace fuska, su gaya mana abin da ya hau kanmu.

Kuma a al'adarmu muna da maganin tun tuni, gama mun san burtali, mun san hurumi, mun san mashaya. Kakanninmu sun gane cewa shanu ba za su rayu ba sai an bar musu hanya tsakanin gonaki, gwamnatin Jihar Arewa ma ta yi dokar makiyaya a 1965 domin tabbatar da haka. Kuma duk mun ga abin da ya biyo baya, na jini da hawaye, a wuraren da aka nome burtali. Illar da ta sa saniya shiga gona ita ce ta sa giwa shiga gona. Abin da nake kira gare shi shi ne a yi wa namun dawa nasu burtalin: a bi tsofaffin maharba da makiyaya, waɗanda suka san inda garkuna ke bi tun da, a tantance 'yan hanyoyin da suka rage, musamman gaɓar koguna, a hana nome su tun ba su ƙarasa rufewa ba. Kada a ce dabbar ta manta. A ƙasar Botsuwana an kafa wani shinge a ƙarshen shekarun 1960 wanda ya datse hanyar jakunan dawa, da aka cire shi wajen 2004, cikin 'yan shekaru kaɗan sai ga su sun koma bin tsohuwar hanyar zuwa makiyayar damina, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa bin ta.

Amma ina faɗa da babbar murya, ba halal ba ne a ɗora wa talakan da ke bakin daji nauyin wannan amana shi kaɗai. Idan giwa dukiyar ƙasa ce baki ɗaya, to, ɓarnarta ma ta ƙasa ce baki ɗaya, kuma adalci shi ne a kafa asusun diyya wanda zai biya manomi cikin gaggawa, a gaban dagaci da mai unguwa, kafin baƙin ciki ya kai shi ga ɗana tarko ko zuba guba. A taimake shi da dabarun da aka jarraba aka ga amfaninsu, kamar jera amya a gefen gona, wadda aka gwada a Kenya aka tabbatar giwa na gudun ƙudan zuma, ga kuma zumar sayarwa. Da hayaƙin barkono, da hasumiyar tsaro, da 'yan sintiri daga cikin 'ya'yan ƙauyen waɗanda za su sanar da jama'a tun garke bai iso ba. A ba shi rabo bayyananne daga kuɗin da baƙi ke biya a ƙofar gandu. A kuma sauƙaƙa wa matan birni abin girki wanda ba gawayi ba, domin buhun gawayin da ake saukewa a Kano ko Bauchi ko Yamai daga makwancin wata dabba aka saro shi.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna cewa ƙasa tana karɓar gyara. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka kama abin da suke kira sassaben zamani, watau maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a gyara shi a bar shi ya girma a cikin gona, kuma ta wannan hanya an ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin kadada miliyan 5, ba da shukar gwamnati ba. Da za a ɗauki wannan dabara a bi da ita gefen Yankari, da gaɓar Gaji a wajen iyakar gandu, da tudun Kure, a haɗa ta da diyya da burtali, da an rage wa manomi kwanan gona, an kuma ƙara wa garke wurin juyawa. Aikin farko, wanda bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba, shi ne hakimai da dagatai da ma'aikatan gandun daji su zauna da manoma tun kafin saukar ruwan bana, su yi alama a kan hanyoyin da giwaye suka bi bara, domin kada a ba kowa sabuwar gona a kansu.